Baban yara ya ce a ciro su duka daga makaranta

Anti, assalamu alaikum. Gidana ya rikice a kan karatun yara. Babbar 'yata shekararta 20, tana aji biyu a jami'a, tana karanta ilimin zamantakewar al'umma. Tun da ta dawo hutun nan ba a rabuwa da ita lafiya, komai aka faɗa sai ta ce "wa ya ce haka?" Ran nan a gaban baƙi ta katse babanta, ta ce wai malaminsu ya nuna musu cewa yawancin abin da muke kira tarbiyya tsari ne da masu ƙarfi suka shimfiɗa don a riƙa yi musu biyayya. Babanta ya ce ba zai ƙara biya mata kuɗin makaranta ba. Ni kuma tsoro ya sa na ɗauki wayarta tana barci, na karanta hirarsu ta 'yan aji. Ban ga abin ashsha ba, muhawara ce kawai, kuma har yau ba ta sani ba. Ana cikin haka sai ƙaraminmu ɗan shekara 10 ya dawo yana cewa malamarsu ta ce jikinsa nasa ne shi kaɗai, kuma abin da suka tattauna a aji ya tsaya a aji. Babansu ya ce duk kanwar ja ce, aƙida ake cusa wa yara, a ciro su duka. Ni gaba kura baya sayaki. Me zan yi?

Uwa mai damuwa

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya kawo sauƙi, Ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Inda na saba da baban yara shi ne wannan magana ta "duk kanwar ja ce". Matsala biyu ce a gidanki, kuma abin da ya dace a yi wa ɗaya, in aka yi wa ɗayar ɓarna za a yi. Wataƙila ki yi mamaki, amma duk da cewa hayaniyar gidan a kan babbar take, ni hankalina ya fi tashi a kan ƙaramin. Da shi zan fara.

Maganganu biyu ya kawo miki. Ta farkon, wai jikinsa nasa ne, ba ta firgita ni ba. A makarantu da yawa ana koya wa yara haka ne don a kare su daga masu lalata da ƙananan yara: a sanar da yaro cewa akwai sassan jikinsa da ba wanda ya isa ya taɓa, malami ne ko ɗan'uwa, in kuma wani ya gwada, ya gudu ya faɗa wa babba. Masu aikin kare yara sun daɗe suna nanata cewa mai cutar da yaro galibi wanda yaron ya sani ne, shi ya sa ake faɗin maganar da ƙarfi har ta haɗa da na gida. In wannan malamar ke nufi, taimakonki ta yi. Kunnen uba ne ya ji ta kamar ana zuga yaro ya daina jin maganar iyaye, kuma ban ga laifinsa ba. Amma darasi ne guda cur ɗan shekara 10 ya dunƙule muku a jumla ɗaya. A je a ji sauran kafin a yanke hukunci.

Ta biyun ce ta tsaya mini a rai. Mai yiwuwa malamar tana nufin kada yara su fita waje suna yi wa wanda ya yi tambaya dariya, kuma wannan niyya ce mai kyau. Sai dai yaro ba ya jin niyya, kalma yake ji, kuma kalmar da ya ji ita ce akwai abin da babba ya gaya masa wanda ba za a kai gida ba. Wannan ya rushe darasin farkon gaba ɗaya, domin duk mai son cutar da yaro da "kada ka gaya wa mamanka" yake farawa. Tun yau ki zaunar da shi ki gaya masa a fili: babu wani babba a duniya, kowane ne shi, da zai ba shi sirrin da ke ba za ki ji ba.

Sannan ku je makarantar, ke da babansa tare. Kada ku tare malamar a bakin ƙofa lokacin tashi, kada kuma ki kai maganar dandalin WhatsApp na iyaye, inda kafin magariba za a ce an ga abin da ba a gani ba. Ku nemi a ba ku lokaci da shugaban makaranta, malamar tana zaune. Ki ce: "Malama, yaronmu ya dawo da magana kaza, mun zo mu ji daga bakinki yadda aka yi." Daga nan ki nemi ganin manhajar darasin da littafin ko takardun da ake raba wa yara, na wannan zango da na gaba. Ki tambaya ko malaman makarantar ne ke koyar da shi ko wasu ake kawowa daga waje, in daga waje ne su wane ne, kuma wa ke zama a ajin lokacin da suke magana. Ki tambaya ko ana sanar da iyaye kafin irin wannan darasi, da kuma abin da ake yi da yaron da iyayensa suka ce a ɗaga masa.

Kada ki ji kamar alfarma kike roƙo. Tun 1948 sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan Adam, a sashe na 26, ta ce iyaye ne ke da fifiko wajen zaɓen irin ilimin da za a ba 'ya'yansu. Amma ki san cewa wannan haƙƙi yana da iyaka, kuma inda iyakar take shi ake ta kai ruwa rana a kai a ƙasashe da dama. A 1976 Kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam ta yanke hukunci a ƙarar da wasu iyaye Kiristoci 'yan Denmak suka shigar saboda an wajabta ilimin jima'i a makarantun gwamnati. Iyayen ba su yi nasara ba, amma kotun ta ja wa gwamnati layi: tana iya sanar da yara abu cikin gaskiya da adalci, tare da nuna cewa akwai ra'ayoyi mabambanta, amma ba ta da ikon cusa musu aƙidar da ta taka imanin iyayensu. A Amurka kuwa, a watan Yunin 2025, Kotun Ƙoli da rinjayen alƙalai 6 a kan 3 ta goyi bayan wasu iyaye Musulmi da Kirista a jihar Maryland, waɗanda hukumar makarantun yankinsu ta hana su cire ƙananan 'ya'yansu daga karatun wasu littattafan labari da suka shafi auren jinsi da sauya jinsi. Kotun ba ta ce a kwashe littattafan ba, cewa ta yi a sanar da iyaye, a kuma bar su su janye nasu yaran. A Ingila iyaye na iya cire ɗansu daga darasin ilimin jima'i, amma ba daga darasin kimiyya da ke bayanin yadda ake samun haihuwa ba, kuma in ya rage zango uku yaron ya cika shekara 16, zaɓin ya koma hannunsa. Dokar inda kike ita za ta yi aiki a kanki, don haka ki tambaya. Abin da nake so ki lura da shi kawai, ko a inda iyaye suka samu dama, abin da suka samu iko ne a kan nasu ɗan, ba a kan ajin gaba ɗaya ba.

In kun ga takardun ba su kwanta muku ba, kuka ce a ɗaga masa, to ku sani kun ɗauki aikin ne kun ɗora wa kanku. Yaron da aka fitar daga aji zai ji darasin a filin wasa, daga bakin abokinsa ɗan shekara 11, da ƙari da gishiri. Ya kusa balaga. Sai babansa ya zauna da shi ya yi masa bayanin abin da ke tafe a jikinsa, da abin da addininku ya ce a kai, komai nauyin bakin. Sauya makaranta kuwa ki ajiye shi a ƙarshe. Zan ce a sauya in sun ƙi nuna muku abin da suke koyarwa, ko aka mayar da yaron abin zolaya saboda kun yi magana, ko aka sake ce wa yara su ɓoye wa iyaye bayan kun ja hankalinsu.

Yanzu babbar.

Maganar da ta faɗa a gaban baƙi ba malaminta ne ya ƙirƙiro ta ba. Tsohon ra'ayi ne da ake dangantawa da Bajamushen masanin nan Karl Marx, wanda ya ce tunanin da ke mulkin kowane zamani tunanin masu mulkin zamanin ne. Kusan duk wanda ya shiga wannan fanni sai ya karanta Marx, ya kuma iya bayyana shi. Amma a kwas ɗin nan dai za ta haɗu da Emile Durkheim, wanda ya ga tarbiyya da addini a matsayin abin da ke ɗaure al'umma kada ta watse, za ta haɗu da Max Weber, wanda ya nuna cewa imanin mutane kan sauya tattalin arzikinsu, ba kullum tattalin arziki ke juya imani ba. In an yi sa'ar malamai za ta haɗu da Ibn Khaldun, haifaffen Tunis a 1332, wanda ya yi alƙalanci a Alƙahira a kan mazhabar Malikiyya, kuma masana da yawa ke kallonsa a matsayin wanda ya riga kowa shiga wannan fage. 'Yarki tana aji biyu ne. Ta samu makami na farko, tana gwada shi a kan duk abin da ta gani, har da mahaifinta. Yawancin masu irin wannan zafin, karatun ne da kansa ke sanyaya su in ya yi nisa, ranar da suka karanta wanda ya kayar da gwanin nasu.

Sanin ra'ayi kuwa, ko da ɓatacce ne, ba sabon abu ba ne a wurin malamai. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, kafin ya rubuta raddinsa ga masana falsafa sai da ya fara rubuta littafi guda yana bayyana manufofinsu filla-filla, kuma ya kwatanta yi wa mazhaba raddi kafin a fahimce ta da jifa a cikin duhu.

Ba ina cewa duk malaman jami'a tsarkaka ne ba. Akwai masu mayar da ɗakin lakca dandalin neman mabiya, kuma tsoron baban yara yana da tushe. Weber ɗin nan da na ambata ya taɓa gaya wa ɗalibai a Munich a 1917 cewa siyasa ba ta da gurbi a ɗakin lakca. Dalilinsa shi ne, a taron jama'a in ka yi magana ana iya tashi a mayar maka, amma ɗalibi dole ya zauna ya yi shiru saboda makomarsa na hannun mai maganar. Ta nan za ki gane irin malamin da 'yarki ta samu, ba sai kin taka jami'ar ba. Ki ce ta nuna miki tsofaffin tambayoyin jarrabawar kwas ɗin. In kika ga irin "bayyana yadda Marx ya kalli tarbiyyar iyali, sannan ka kawo sukan da aka yi masa", wannan koyarwa ce. In kika ga irin "nuna yadda iyali ke danne 'ya'ya", an riga an ba ɗalibi amsa, sa hannu kawai ake nema. Ki tambaye ta ko yana ba su rubutun waɗanda suka saba masa su karanta, da kuma ko akwai ɗan ajinsu da ya yi masa gardama kuma ya ci maki mai kyau. In ta tabbata yana rage wa ɗalibai maki saboda sun ƙi ra'ayinsa, ko yana wulaƙanta addinin wani a aji, zalunci ne, kuma akwai shugaban sashe da ake kai wa irin wannan ƙara. Amma ita da 'yan ajinsu za su kai, ba babanta zai je ya buga tebur ba.

Akwai tambaya ɗaya da nake so ki yi mata, ranar da kuke ku biyu kuma rai a sake. Ki ce: "Na ji abin da kika ce, wai tarbiyya tsarin masu ƙarfi ce. To shi malaminku da ke riƙe da makinki, ra'ayinsa yana cikin wannan hukunci ko shi an cire shi?" Kada ki yi ta da gatse, kada kuma ki jira ta faɗi. Ki saurari amsar har ƙarshe. In ta kawo abin da ba ki da amsarsa, ki ce za ki yi tunani a kai. Yarinyar da take kawo musunta gida har yanzu tana ganin ra'ayinku ya isa a yi jayayya da shi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Waɗanda na fi jin tsoro su ne masu cewa "to, Mama" ga komai.

Sai dai ra'ayi daban, rashin kunya daban. Katse mahaifi a gaban baƙi laifi ne, ko da abin da ta faɗa gaskiya ne tsantsa, kuma a nan kuna da cikakken iko ku taka mata birki. A cikin Suratu Luƙman, aya ta 15, ko iyayen da suka matsa wa ɗansu ya yi shirka, cewa aka yi kada ya bi su amma ya zauna da su da kyautatawa, balle iyayen da saɓanin da ke tsakaninta da su na kwas ɗin jami'a ne. Ki gaya mata ƙa'idar gidan ba tare da kwana-kwana ba: tana iya tambayar komai, tana iya saɓa wa kowa, amma ban da gaban baƙi, ban da ɗaga murya, ban da kai wa ƙannenta abin da ya fi ƙarfin shekarunsu. Ta je ta ba babanta haƙuri a kan yadda ta yi maganar. Kada ku nemi ta ce ta janye ra'ayin, don in ta faɗa ƙarya za ta yi.

Batun kuɗin makaranta, kuɗinsa ne, kuma yana da damar sa sharaɗi: ta halarci karatu, ta ci jarrabawa, ta kiyaye mutuncinta. Waɗannan abubuwa ne da ake iya gani a auna. Abin da ke cikin zuciya kuwa kuɗi ba ya sayensa, abin da za a samu kawai shi ne ta koyi yin shiru. Ibn Khaldun ya yi babi guda a littafinsa mai suna Muƙaddima a kan cewa tsanantawa tana cutar da mai koyo, ya ce wanda aka rena da ƙarfa-ƙarfa yakan koyi ƙarya da yaudara, yana nuna saɓanin abin da ke ransa don tsoron hukunci. Ki kuma nuna wa baban yara wani abu: in ya yanke kuɗin saboda ta faɗi ra'ayi, ya tabbatar mata da darasin malamin nata da hannunsa, cewa mai riƙe da aljihu shi ke yanke abin da za a yarda da shi. Sannan in ta dawo gida, wayarta za ta dawo tare da ita. Abin da ke yawo a intanet ya ninka na ɗakin lakca zafi, kuma a can babu jarrabawa, babu ɗan aji mai musu, babu malami na biyu da zai zo da wani ra'ayin a zango mai zuwa.

Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 5, ta ce iyaye su ja-goranci yaro gwargwadon yadda hankalinsa ke girma, kuma yaro a wurinta shi ne wanda bai kai 18 ba. Ba sai mun je ga takardar Majalisar Ɗinkin Duniya ba ma, duk uwa ta san haka. Ƙaramin kina iya zaɓa masa abin da zai karanta, ki duba wayar da yake wasa da ita yana kallo, ki ce masa haka dokar take. Babbar ta wuce nan.

Wannan ya kawo ni ga wayar. Kin yi ba daidai ba, 'yar'uwa, kuma na san tsoro ne ya sa. An hana mu bincike a ɓoye a Suratul Hujurat, aya ta 12, ba a kuma ce ban da uwa ba. Kin duba, ba ki ga komai ba, to kada ki ƙara. Kada ki kai wa babanta abin da kika karanta, kada ki yi amfani da shi a gardama. Ni a ganina ki gaya mata da bakinki bayan ƙura ta lafa, ki ce tsoro ya kai ki, kin kuma daina. Za ta yi fushi na 'yan kwanaki. Ya fi ranar da wata kalma za ta suɓuce miki wadda ba inda za ki san ta sai a wayarta, daga nan ta sa wa komai makulli, har bakinta.

Akwai lokacin da zan ce ki shiga ko ba sallama. In ta yanke hulɗa da tsofaffin ƙawayenta gaba ɗaya, in ta shiga wata ƙungiya da ke cewa a ɓoye wa iyaye, in kuɗi suka fara ɓacewa ba bayani, in ta fara yabon zubar da jini ko maganar cutar da kanta, wannan ya wuce muhawarar ɗalibai. Kuma kada ki sa ido gefe ɗaya kawai, masu farautar matasa a jami'a wasunsu da rigar wayewa suke zuwa, wasu da rigar addini. Babu ko ɗaya daga waɗannan alamu a wasiƙarki.

Shi kuwa baban yara, ina zargin abin da ya fi ƙona masa rai kunyar da ya ji a gaban baƙi ce, don haka kada ki fara da hujja. Ki bari yarinyar ta ba shi haƙuri tukuna. Bayan nan, ku biyu a ɗaki, ba a gaban yara ba, ki roƙe shi abu ɗaya: ya ɗaga hukuncin nan zuwa ƙarshen zango mai zuwa. Kada ki ce masa ya yi kuskure, ki ce kina tsoron abin da yake tsoro, hanya ce kawai kike neman a sake dubawa. In akwai wanda yake jin nauyinsa kuma ya san jami'a ta ciki, ko ya koyar ko ya yaye 'ya'ya a can, ki sa ya yi masa magana. Zuwa makarantar ƙaramin kuma ki bar shi ya shige gaba, shi ya nemi lokacin, shi ya fara magana, don a can ne ikonsa na uba zai yi aiki sosai.

In kun je kun ga takardun darasin, ki sake rubuto mini abin da ke ciki da amsar da malamar ta bayar a kan maganar "ya tsaya a aji", sai mu duba ko a bar shi a makarantar ko a nema masa wata.